Babi na Shida: Ba Kowace Rariya Ce Shaida Ba

A ƙarshen shekarar 2010, lokacin da Amurkawa ke rububin sayayyar Kirsimeti, duk wanda ya shiga Google ya nemi rigunan mata, ko zannuwan gado, ko dardumar ɗaki, ko kujerun falo, suna ɗaya yake fara cin karo da shi a saman sakamako: J.C. Penney, wani tsohon kanti da a lokacin yake da rassa sama da 1,000 a faɗin Amurka. Kantin babba ne, babu musu, amma bai kai a ce shi ne na ɗaya a komai ba. Hatta wanda ya nemi jakar tafiya ta Samsonite, Penney yake gani kafin ya ga gidan yanar kamfanin da ya ƙera jakar.

Jaridar New York Times ta sa aka bi diddigin lamarin, ta buga abin da aka gano a watan Fabrairun 2011. Ashe an dasa dubban rariyoyin liƙau ne, wato mahaɗan da ake latsawa a tafi wani shafi, a ɗaruruwan gidajen yana, dukkansu suna nuna Penney. An ga maganar baƙaƙen riguna liƙe a ƙasan wani gida da ke bayani kan injiniyancin nukiliya. An ga rigunan fita da dare a gidan 'yan caca, an ga rigunan liyafa a gidan dillalan filaye na ƙasar Bulgeriya. Da jaridar ta kai wa Google hujjojinta, ba a ɗau lokaci ba. A wata ranar Laraba da ƙarfe 7 na yamma Penney yana na 1 ga mai neman kujerun falo, kafin ƙarfe 9 ya koma na 68. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa aikin ɗaga matsayi a injin bincike. Hukuncin ya ɗauki kimanin wata uku.

Na fara da wannan labari ne saboda kusan duk alamun da za mu bi a babin nan suna cikinsa. Rariyoyin Penney suna da yawa ƙwarai. Abin da suka rasa shi ne mutum guda da ya sa su don yana ganin za su amfani masu karanta shafinsa.

Inda darajar ta samo asali

Kafin zuwan Google, injinan bincike irin su AltaVista sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Shafin da kalmar takalmi ta fi yawa a cikinsa shi ake ɗauka ya fi sanin takalmi. Nan da nan masu wayo suka gano lagon abin, suka riƙa cusa kalmomi ba kai ba gindi, har da rubuta su da farin launi a kan farin bango, ido ba ya gani amma inji yana ƙirgawa. Hausawa sun ce yabon kai jahilci, kuma injin da ya gaskata yabon kai dole ya cika wa mutane ido da shara.

A 1996 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka sa wa suna BackRub. Dabarar sun aro ta daga malaman jami'a, waɗanda suka daɗe suna auna nauyin takardar bincike da yawan takardun da suka ambace ta. Tun 1964 Eugene Garfield ya fitar da kundin da ke ƙirga irin wannan ambato a fannin kimiyya. Page da Brin suka ɗauki rariyar da wani shafi ya liƙa zuwa wani a matsayin ambato, sannan suka ƙara abin da ya bambanta su da kowa: ba duk ambato ne ke da nauyi ɗaya ba. Kowane shafi yana da nauyin da ya samu daga shafukan da suka nuna shi, shi kuma yana rarraba wannan nauyi ga shafukan da ya nuna. Shafin da ya fitar da rariya 10, kowace za ta ɗauki kaso mai tsoka. Wanda ya fitar da 500, abin da zai isa ga kowace ɗan kaɗan ne. Wannan lissafi shi ne PageRank, kuma a kansa aka kafa kamfanin Google a 1998.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Idan saurayi ya fito neman aure, iyayen yarinya ba sa ƙirga bakunan da suka ce yaron kirki ne, suna duba wane ne ya faɗa. Kalma ɗaya daga limamin unguwarsu, ko daga maigidan da ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashinsa, ta fi ta abokan majalisa 20 da yake saya wa shayi. In kuwa aka ji ƙishin-ƙishin cewa an kai wa wani dattijo goro mai nauyi don ya yaba, to maganar dattijon ta faɗi, yaron ma ya shiga zargi.

Wa ya ba da shaidar?

Tambaya ta farko ke nan, kuma a nan ne mafi yawan masu gidajen yana ke yin tuntuɓe, domin suna miƙa amsarta ga lamba. Kamfanin Moz yana da ma'auninsa da ake kira DA, Ahrefs yana da DR, Majestic da Semrush kowa da nasa. Dukkansu maki ne da ke tsayawa a 100. Dillalan rariya da waɗannan lambobi suke cin kasuwa: za ka ga saƙo ya shigo maka ana cewa ga gida mai DA 70, farashinsa kaza.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda da kyau. Babu ɗaya daga cikin waɗannan lambobi da ya fito daga Google, kuma Google ba ya aiki da su. Ƙiyasi ne da wasu kamfanoni ke yi daga ɓangaren intanet ɗin da na'urorinsu suka iya zagayawa. A da Google yana nuna wa jama'a makin PageRank daga 0 zuwa 10 a wata 'yar manhaja da ake liƙawa a burauza. Da ya ga makin ya zama farashin kasuwar sayar da rariya, sai ya daina sabunta shi a ƙarshen 2013, ya cire shi gaba ɗaya a 2016. Giɓin da ya bari ne waɗancan kamfanoni suka cike. Ban ce ma'aunansu ba su da amfani ba. In kana da jerin gidaje 300, za su taimaka maka ka ware waɗanda za ka fara dubawa. Amma ana iya hura su. Akwai masu sana'ar kumbura DR na gidan da babu kowa a cikinsa, ta hanyar tura masa tarin rariyoyin banza, sannan su sayar da gurbi a ciki ga wanda ya yarda da lamba.

Abin da ya fi lamba shi ne ka shiga gidan da kanka, ka zauna ka karanta. Wa yake rubutu a nan? Akwai sunayen marubuta da za a iya bin sawunsu, ko kowace maƙala an sa mata sunan da ba shi da fuska? Gidan yana da fanni, ko yau maganar gyaran rufin ɗaki, gobe inshorar mota, jibi maganin ƙiba? Ka duba inda rariyoyinsa suke fita. Idan ka ga caca da bashin gaggawa da magungunan maza sun yi layi a cikin maƙalolin da ba ruwansu da su, ka san gidan haya ne, duk mai kuɗi yana shiga. Ka ɗauki kanun wata maƙala tasu ka nema a Google, ka ga ko ma ya san da zamanta. Shafin da injin bai ajiye a rumbunsa ba, babu abin da zai iya ba ka.

Sai tarihi. Akwai wata dabara da ta daɗe: mutum ya jira adireshin wata ƙungiya ko makaranta ko jaridar da ta mutu ya ƙare wa'adinsa, ya saye shi, ya gaji rariyoyin da mutanen kirki suka liƙa masa shekarun baya, sannan ya zuba tarkace a ciki ya fara sayar da gurbi. Wani yakan tara irin waɗannan gidaje da dama a hannunsa, suna nuna juna kamar ba su san juna ba. A watan Maris na 2024 Google ya ambaci wannan cin gadon adireshi a fili cikin laifukan da yake hukuntawa. Gano shi ba wuya. Rumbun Wayback Machine na Internet Archive yana ajiye hotunan gidajen yana na shekaru masu yawa, kuma kyauta ne. Ka sa adireshin ka koma baya. In ka tarar gidan da yau ke koyar da kasuwanci, shekara biyar da suka wuce na wata cocin ƙauye ne a Jamus, ka samu amsarka.

Akwai kuma wani camfi da ya yaɗu har ya iso mu, wai duk rariyar da ta fito daga adireshin jami'a ko na gwamnati zinariya ce. Kamfanin Overstock na Amurka ya bi wannan hanya: ya ba ɗalibai da malamai rangwame, da sharaɗin a liƙa masa rariya a shafukan jami'o'i. A watan Fabrairun 2011, wata guda da Penney, shi ma Google ya saukar da shi. Wutsiyar adireshi ba ta da wata albarka ta kanta. Jami'o'i suna da nauyi ne saboda duniya tana ambatonsu, kuma shafin da aka yasar a lungun gidan jami'a, ko wanda 'yan kutse suka cika da tallan caca, bai gaji wannan nauyi don sunan da ke samansa ba.

Me ya haɗa ku?

Rigar mata a gidan injiniyan nukiliya ita ce misali mafi bayyana na rashin dangantaka. Gwajin a nan mai sauƙi ne: mai karanta wannan shafi, a daidai wannan layi, zai ji yana so ya latsa ya zo wurinka? Idan kana sayar da irin shuka, ƙaramin gidan ƙungiyar manoma da ke da maziyarta ƙalilan ya fi maka babban gidan labarin 'yan ƙwallo. Sau da yawa ma shafin ya fi gidan muhimmanci. Babbar jarida tana maganar komai, amma rahotonta kan tsadar taki wuri ne da ambaton mai sayar da iri ya zauna daidai.

Wurin da aka ajiye rariyar a cikin shafi shi ma yana magana. Google yana da wata takardar mallakar fasaha da aka amince masa a 2010, wadda ke bayanin ba wa rariya nauyi gwargwadon yiwuwar a latsa ta. Wadda ke tsakiyar rubutu, inda ido ke bi, ba ɗaya take da wadda aka tura can ƙasa kusa da bayanin haƙƙin mallaka ba. Haka nan rariya ɗaya da ta maimaitu a shafuka 5,000 na gida guda, bakin mutum ɗaya ne ya yi magana sau 5,000.

Kalmomin da aka liƙa rariyar a kansu

Tun farko Google yana ɗaukar kalmomin da ake latsawa a matsayin bayanin shafin da za a je. Ƙarfin wannan ya fito fili a 2003, lokacin da masu adawa da Shugaba George W. Bush suka haɗa baki suka riƙa liƙa tarihinsa na gidan yanar Fadar White House a kan wasu kalmomi biyu na Turanci masu nufin mummunar gazawa. Duk wanda ya nemi kalmomin, shugaban ƙasa yake gani a farko, alhali babu su ko sau ɗaya a shafin. Sai a watan Janairun 2007 Google ya toshe wannan kafa.

'Yan kasuwa sun ga abin da 'yan siyasa suka gani, suka yi shekaru suna cin moriyarsa. Ranar 24 ga Afrilun 2012 Google ya saki sabon tsarin tacewa mai suna Penguin, ya ce zai shafi kimanin kashi 3.1 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Gidaje da yawa da suka ginu a kan sayen rariya sun wayi gari babu maziyarta. Ɗaya daga cikin alamun da suka tona musu asiri shi ne kalmomin nan. Mutanen da suka ambace ka don ra'ayin kansu ba sa yin magana da baki ɗaya. Wani zai sa sunan kamfaninka, wani ya kwafo adireshin tsurarsa, wani ya ce a duba nan, wani ya rubuta rabin jimla. Idan ka buɗe rahoton rariyoyinka a Google Search Console ka ga gidaje 80 da ba su san juna ba duk sun rubuta takalma masu araha a Kano, harafi bai bambanta da harafi ba, to hannu ɗaya ne ya rubuta, kuma abin da ka gani inji ya riga ka gani.

Kuɗi da alamar da ake sa wa rariya

A watan Janairun 2005 Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama da ake sakawa a cikin lambobin rariya, nofollow, wadda ke gaya wa inji cewa mai shafi bai tsaya wa inda rariyar ta nufa ba. Wikipedia ta Turanci ta sa wa duk rariyoyinta masu fita wannan alama a 2007. A watan Satumban 2019 aka ƙara biyu: sponsored don wadda aka biya, da ugc don wadda maziyarta suka sa da hannunsu. Daga lokacin kuma Google ya ce zai riƙa ɗaukar alamomin a matsayin shawara, yana iya bi yana iya ƙin bi.

Ƙa'idar ba ta hana talla ba. Ka biya jarida ta tallata ka, halal ne a wurin Google, muddin an sa wa rariyar alama. Laifin shi ne a karɓi kuɗi ko kyauta ko rangwame, sannan a bar rariyar tana kama da shaidar da aka bayar don Allah. A farkon 2013 kamfanin furanni na Interflora a Birtaniya ya sayi maƙalolin talla a jaridu da dama gab da ranar masoya, da rariyoyi marasa alama a ciki. Jaridun na gaskiya ne, masu editoci da masu karatu. Duk da haka kamfanin ya ɓace daga Google har ga mai neman sunansa, na kimanin kwana 11, jaridun ma aka rage musu maki. Shekara guda kafin nan Google ya hukunta kansa: wani kamfen na tallan burauzarsa ta Chrome ya haifar da rariyar da aka biya ba alama, sai ya saukar da shafin Chrome na tsawon kwana 60.

A ganina masu raina rariya mai alamar nofollow suna kuskure. Ambato a Wikipedia ko a babbar kafar labarai yana kawo mutane masu rai, kuma a cikinsu ne ake samun ɗan jarida ko malami da gobe zai ambace ka a nasa shafin ba tare da wata alama ba.

Idan ka tarar da shara a bayanka

Duk gidan da ya kwana biyu a intanet zai tara rariyoyin banza da bai nema ba, daga gidajen da ke kwafe-kwafe da na'ura. Kada hankalinka ya tashi. Tun watan Satumban 2016, da aka shigar da Penguin cikin ainihin tsarin Google, abin da ya fi yi da irin waɗannan shi ne ya yi watsi da su, ya ƙi ƙirga su. A Disambar 2022 ya ƙara ƙarfin wannan da tsarinsa na SpamBrain, wanda ke gano masu saye da masu sayarwa. Akwai kafar da ya buɗe tun Oktoban 2012 inda mai gida zai miƙa jerin rariyoyin da ya barranta da su, amma shi kansa Google yana cewa yawancin gidaje ba sa bukatarta. Wurinta shi ne idan ka san an saya maka rariya a baya, ko ka ga sanarwar hukunci a Search Console. Wanda ya bi makin guba da wata manhaja ta ba wa rariyoyinsa ya yi ta yanka ba dubawa, yana iya yanke rariyoyin da ke ɗauke da shi.

Wannan sauyi yana da wata fuska da dillalai ba sa faɗa. A zamanin Penney mai saye yana cin riba kafin a kama shi. Yau abin da ya fi faruwa shi ne ya biya, a aiko masa da dogon jerin adireshi, lambar DR ta ɗan motsa, matsayinsa kuma yana nan inda yake, ba kuma wanda zai sanar da shi cewa kuɗinsa sun bi ruwa. Nauyin rariya gaba ɗaya ma ya ragu. A 2016 wani jami'in Google ya lissafa ta cikin manyan abubuwa uku da ke tantance matsayi, a 2023 kuma Gary Illyes na kamfanin ya ce ta fita daga ukun.

Mai gidan yana na Hausa

Wanda ke rubutu da Hausa yana cikin wani hali na daban. Fagen bai cika ba. A batutuwa da yawa, daga kiwon kaji zuwa gyaran waya, shafukan Hausa masu inganci ba su da yawa, don haka ba ka bukatar ɗaruruwan rariyoyi kafin ka fito. Ambato kaɗan daga inda ya dace, kamar Aminiya ko BBC Hausa ko sashen wata jami'a ko ƙungiyar masu sana'arka, zai yi maka abin da buhun rariyoyi daga shafukan Rashanci da ba su san da zaman Hausa ba ba zai taɓa yi ba. Ba dole sai mai ambaton ya zama na Hausa ba. Jaridar Turanci ta Najeriya ko ta Faransanci a Nijar da ta kawo labarinka, dangantakarku a bayyane take.

Matsalarmu a wani wuri take. Mafi yawan hirarmu tana gudana a WhatsApp da Facebook da TikTok. Abin da aka tura a WhatsApp Google ba ya ganinsa sam, na dandalin sada zumunta kuma galibi ba ya ɗauke da nauyi, ko da yake yana kawo maziyarta. A gidajen yanar kuma mun saba da kwafe rubutun juna ɗungurungum, a cire sunan marubuci, ko a rubuta an ciro daga wuri kaza ba tare da an liƙa komai ba. Sakamakon haka shafukan Hausa suna zaune a warwatse, babu mai ɗaga wani, kuma wanda ya sha wahalar bincike yakan tarar mai kwafe ya hau kansa a sakamako.

Saboda haka ina kira ga editoci da masu gidajen yana na Hausa: duk lokacin da kuka ɗauko labari ko alƙaluma ko fassara daga aikin wani, ku ambaci sunansa, ku liƙa masa rariya a cikin rubutun, a daidai inda kuka yi amfani da aikin nasa.